Labarin Da Na Ɓoye Cikin Adaka

Makon jiya wata 'yar makarantar kwana ta aiko mini da takarda. Ba ta sa sunanta ba, ta ce in kira ta 'yata kawai. To, na karɓa. Ta ce ta rubuta wani labari har ya cika littafin rubutu biyu, amma ko ƙawarta da su ke kwana ɗaki ɗaya ba ta sani ba, don tana tsoron kada a sace mata shi, ko kuwa a yi mata dariya. Abin da ta ke tambaya shi ne, ina za ta adana shi har ran da Allah zai hore mata kuɗin bugawa?

Da na karanta sai na yi dariya ni kaɗai, don kuwa kamar ni ce na rubuta takardar nan fiye da shekara 30 da suka wuce. Ke 'yata, ba zan nuna miki maɓoya ba. Zan dai ba ki labarin tawa maɓoyar, ke da sauran 'yan'uwa mata masu karanta wannan fili, sa'an nan ki yi shawara da kanki.

An kawo ni cikin birnin Kano a 1989, ina da ɗan ilmin boko gwargwado, ga kulle. Abin da ya ke ɗebe mini kewa shi ne 'yan littattafan nan na Hausa da ƙanen maigidana ya kan sayo mini a kasuwar Sabon Gari. Ran da na karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, barci bai ɗauke ni ba. Ashe mace tana iya zama ta rubuta abin da a ke yi cikin gidajenmu, da kishi, da saki, da cefanen da bai isa ba, har a buga a sayar? Na kuma ji an ce ita ma an yi mata aure tana ƙarama ƙwarai, daga baya ta nemi karatu. Sai na ce a raina, to, ni me ya hana ni?

Na aika aka sayo mini littafin rubutu irin na 'yan makaranta. In na kwantar da yara, maigida kuma yana turakarsa, sai in jawo fitilar ƙwai in yi ta rubutu har idona ya yi yaji. Kafin asuba na sa shi can ƙarƙashin adakata, na danne da zannuwan aure. Haka na yi shekara huɗu, littafi ya zama uku, ba mahalukin da ya taɓa ganinsu. Ni kaina na kan karanta in yi kuka, in ce kai, ran da wannan ya fito, Kano za ta girgiza!

Ya kamata ku 'yan makaranta ku san yadda abin ya ke a lokacin, don ku gane dalilin da ya sa marubuta suka nemi juna. Rubutun ƙagaggun labarai cikin boko ya soma ne da gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, inda aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da sauransu. Duk maza. Sai a 1980 Kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, shi ma ta hanyar gasa. Ku lissafa ku gani, shekara 47 ke nan. Ana cikin murnar ƙofa ta buɗe sai tattalin arziki ya karye, darajar naira ta faɗi tun daga 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka mai da hankali ga littattafan makaranta. Mai labari a hannu ba shi da inda zai kai. Saboda haka samari da mata suka shiga kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. A kan raba labari kashi biyu ko uku, a buga na ɗaya, in ya sayu a ɗauki kuɗin a buga na biyu.

To, mutum ɗaya ba ya iya wannan ɗawainiya. Shi ya sa aka kafa ƙungiyoyi a Kano irin su Raina Kama, da Kukan Kurciya, da Jigon Hausa. Cikin Raina Kama akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Ɗan'azumi Baba, da ita Hajiya Balaraba. Sunan ma kansa amsa ce ga masu raini, don Bahaushe ya ce raina kama ka ga gayya. Abin da ya fi burge ni game da su ƙaramin abu ne. In kin sayi littafin ɗayansu, kin duba ciki, sai ki tarar da jerin sunayen littattafan sauran 'yan ƙungiyar. Watau mutum ya biya kuɗin takarda da tawada daga guminsa, sa'an nan ya ba da shafi guda yana yi wa abokin sana'arsa talla. Wace mai ƙosai kuka taɓa gani tana ce wa mai saye, in ka gama da nawa, ga na maƙwabciyata can ya fi zafi?

Duk wannan ina ganinsa cikin littattafai, amma ban taɓa kawo wa raina ya shafe ni ba, sai a 1995, wajen wani suna. Aka nuna mini wata mata mai ɗinki, aka ce ai ita ma ta buga littafi. Ba zan faɗi sunanta ba, Yaya mu ke ce mata. Na matsa kusa da ita ina ta kame-kame, ina tambayarta nawa a ke bugawa, wai wata ƙawata ce ta aike ni. Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, ki gaya wa ƙawar taki ta zo gidana ran Asabar bayan azahar, ta taho da abin da ta rubuta. Tawadar da ke yatsanki ma ta isa shaida."

Sai da na yi kwana uku ina lallashin maigida kafin ya bar ni. Na tarar da su su biyar, na zama ta shida. Ban da Yaya akwai malamar firamare, da ungozomar asibiti, da wata bazawara mai sayar da kayan koli gida gida, da wata yarinya 'yar makarantar horon malamai wadda mu ke kira Auta. Ba su da suna, ba su da hatimi, ba shugaba ba ma'aji. Tabarma biyu ce da kwanon gyaɗa. Suna da adashi, kowane wata a zuba, wadda ta ɗauka ta kai littafinta maɗaba'a. Dokarsu guda ce, Yaya ta kafa ta: in an karanta, ba mai cewa "ya yi kyau" sai ta nuna wurin da ya yi kyaun, ba kuma mai cewa "bai yi ba" sai ta faɗi dalili.

Da aka zo kaina na so in noƙe. Yaya ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buɗe na karanta, muryata tana rawa, na kai shafi goma sha biyar na tsaya ina jiran a yi kabbara.

Malama ce ta fara. Ta karɓi littafin ta duba, ta ce ba na sa ƙugiya ga baƙaƙena, na rubuta baki inda na ke nufin baƙi, har ya zama wai amarya ta ga baki ta gudu ɗaki. Aka yi dariya. Ungozoma ta ce ciwon da na ɗora wa yarinyar labarin ba ya warkewa da allura ɗaya, in wata ta karanta ta gaskata, alhakinta yana wuyana. Ban gama haɗiye wannan ba sai Yaya ta ce, "Ƙanwata, yarinyar nan taki na ƙirga, ta yi kuka sau tara cikin shafi goma sha biyar. Ni kam na gaji da lallashinta. Sa'an nan gidan Alhajin nan mai bene da motoci, kin taɓa shiga irinsa?" Na ce a'a. Ta ce, "Ya nuna. Amma tsohuwar nan mai fura da ta shigo ta yi magana uku ta fita, wannan kin san ta. Da ta buɗe baki na ji ƙamshin furar. Ita ce labarinki, kin bar ta a bakin ƙofa."

'Yan'uwa, ban san sa'ad da na tattara littattafaina ba. Na koma gida na mai da su cikin adaka, na rantse ba na sake zuwa. Kuɗin adashi dai na ci gaba da aikawa ta hannun yaro, don kada a ce na karya alkawari. Amma kowane dare maganar tsohuwa mai fura tana cina. A wata na uku na fito da littattafan, na soke gidan bene, na shigo da tsohuwa tsakar gida na ba ta tabarma. Abin haushi, sai labari ya miƙe. Na koma ran Asabar ina sunkuyar da kai, ba wadda ta ce mini kanzil, Auta ta matsa mini wuri kawai.

Yanzu ga inda na ke jin kunyar faɗi, amma saboda shi na ɗauki alƙalami yau. Bayan kamar wata shida Yaya ta karanta mana sabon labarinta, sai ga wata tsohuwa mai fura a ciki. Gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, abin da na ke gudu ya faru, an yabe ta ne don a ɗauke. Ban yi magana a wurin ba, na je na gaya wa wata maƙwabciyata, magana kuwa ba ta kwana inda aka ajiye ta. Ran nan da la'asar sai ga sallamar Yaya a gidana, ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Na ji abin da kika ce. Tawa tsohuwar kakata ce, ta wajen uba, ita ta yaye ni. Taki ban san ko wace ce ba. Kowace unguwa a garin nan da tsohuwarta mai fura, ba ki ƙage ta ba, ban ƙage ta ba. Ki je ki karanta biyun ki gani ko bakinsu ɗaya." Ta juya ta tafi. Na karanta, bakinsu ba ɗaya ba ne. Tata mai haƙuri ce, tawa kuwa masifaffiya. Na je na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce. Amma zato mugun ciwo ne, bai sake ni duka ba. Da Malama ta ce in kawo littattafan ita da Auta su kwafe su da kyakkyawan rubutu kafin a kai maɗaba'a, sai na ce a bari, na gode, ni zan gyara da kaina. Gaskiyar magana ba na son su kwana a hannun kowa.

Ɗaukata ta zo a daminar 1997. Na ba ƙanen maigidana littattafan uku da kuɗi ya kai wani shagon buga takardu. Bayan mako biyu ya dawo yana sosa ƙeya. Wai na ɗaya da na uku suna nan, na biyu kuwa an neme shi sama da ƙasa ba a gani ba. Mai shago ya ce yaronsa ne, yaro ya ce biyu aka ba shi. Ba ni da wani kwafi ko na shafi ɗaya. Tsakiyar labarin ke nan, aikin shekara biyu, abin da na hana 'yan'uwana su taɓa don kada ya ɓata.

Na kwana biyu ko abinci ban iya ci ba. Ran Asabar ban je ba, sai ga su sun zo su biyar, Auta tana riƙe da sabon littafin rubutu. Yaya ta ce, "Share hawayenki, kada ki zama yarinyar labarinki. Ai kin karanta mana shi kaf, kunne goma ya ji. Auta, buɗe." Sai aka fara. Malama ta tuna yadda babin ya soma, don ta yi mini faɗa a kan jimlar farko. Ungozoma ta kawo zancen asibiti daki daki, tun da ya ke da ita aka gyara shi. Mai koli kuwa, wadda ba ta cika magana ba in ana karatu, har na ɗauka ba ta saurare, sai ta miƙe ta kama ƙugu ta zuba faɗan tsohuwa mai fura da surukarta, kusan kalma da kalma, har da yadda ta ke murguɗa baki. Ashe ta daɗe tana ba matan gidajen da ta ke shiga labarin, suna tambayarta yaushe zai fito. Ni kuma da na ji bakin zaren sai sauran ya riƙa dawo mini. Asabar huɗu muka yi muna wannan aiki.

Ga abin mamaki. Littafin da ya ɓace shafi 80 ne, wanda muka tayar bai kai 60 ba. Na ce akwai saura. Aka yi shiru ana tunani, ba wadda ta tuna kome. Daga baya na gane abin da ya zube: koke-koken nan ne da dogayen wasiƙun soyayya waɗanda na ƙi cirewa. Ba wadda ta riƙe su, har ni mai su. Abin da ke da rai shi kaɗai ya zauna a kan mutane.

Wannan ya sa na kan tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, amma ba ta tura su cikin adaka ba. Ta naɗa jajis, watau shugabannin mata, ta kan ba kowace malfa, su taho daga ƙauyuka da ayarin tsofaffi da 'yan mata, su haddace, su koma su koya wa matan da ba su iya fitowa. Su ne 'Yan Taru. Ɗan'uwanta Isa ya mai da waɗansu waƙoƙinta Hausa, ita ma ta yi wa na mahaifinta irin wannan hidima, bayan rasuwarta kuma ƙanwarta Maryamu ta riƙe aikin. Ba ina gwada ɗan labarina da aikin waliyyan Allah ba ne, ina! Hanyar dai na ke nunawa, tsohuwa ce a ƙasar nan, kuma mata suka share ta.

Littafina ya fito. Kano ba ta girgiza ba. Amma ungozoma ta kai wa abokan aikinta, Malama ta kai wa nata, mai koli ta sa shi cikin kwallarta tare da turare da kwalli, Yaya kuwa ta sa sunansa a shafin ƙarshe na littafinta, ita da na yi wa zaton sata. Da kuɗin na ɗaya na buga na biyu.

Kada in sa ku zaci zaman namu duk zuma ne. Akwai wadda ta ɗauki adashi ta yi wa 'yarta kayan ɗaki da shi maimakon bugu, muka yi ta gunaguni, Yaya ta ce a bar ta, aurar da 'ya ma littafi ne mai kashi uku. Akwai lokacin da biyu suka yi wata huɗu ba sa gaisawa saboda an yabi ɗaya an bar ɗaya. Manyan ƙungiyoyi ma ba su tsira daga irin wannan ba. Amma ranar tsanani a kan ga amfaninsu. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano a bainar jama'a, a kan suna ɓata tarbiyya, a shekarar da ta biyo kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta nemi kowane marubuci ya yi rajista da ita. Ƙungiyoyin marubuta suka haɗu suka yi magana da baki ɗaya. Gaskiya akwai littattafan da ni ma ba zan ba 'yata ba. Sai dai matar da ke rubutu ita kaɗai a ɗaki, da wane baki za ta ce nata ba ya cikinsu? Mata ma sun kafa nasu ƙungiyoyin, irin su Kallabi da Mace Mutum. Tun 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai, wadda aka fara ta don mata zalla.

To, 'yata, na dawo gare ki. Ban ce ba a sata ba. Ana yi, balle yanzu da labari ya ke yawo cikin waya, a goge sunan mai shi a sa wani. Amma ki duba, in an sace wanda ba wanda ya taɓa ji, wa zai tsaya miki shaida? Ni da wani ya fito da littafina na biyu da sunansa, ina da mata biyar da za su ce ƙarya ya ke yi. Ki rubuta kwanan wata a kan kowane babi. Ki yi kwafi biyu, ɗaya ya kwana a wani gida. Ki nemi mutum biyu ko uku, kada su zama masu tsoron ɓacin ranki, kada kuma su zama masu jin daɗinsa. In da hali a sami wadda ta fi ki sanin ƙa'idar rubutu, da wadda ta san abin da ki ke ba da labari a kai. Ke ma in sun karanta nasu ki buɗe kunne, don bashi ne. Za ki ji zafi ran farko, wannan na yi miki alkawari. Dariyar da ki ke tsoro ma mai yiwuwa a yi ta, ni an yi mini a kan amarya da baki, ga ni ban mutu ba.

Ku kuma matan aure da kuka iya karatu, in 'yar maƙwabta ta kawo muku abin da ta rubuta, kada ku ce "Allah ya yi albarka" ku miƙa mata. Ku zauna ku karanta, ku nuna mata inda tsohuwarta mai fura ta ke.

Taronmu ya watse da kaɗan kaɗan. Aure ya kai Auta Gusau, aka yi wa ungozoma canjin wurin aiki, Yaya kuwa Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Littafin nan da muka tayar yana nan cikin adakar, da rubutun Auta mai kwanciya, da jan biron Malama a gefe, da wani ɗigon man gyaɗa a shafi na 12. Da takardarki ta zo na fito da shi na ba jikata ta karanta mini. Ta kai tsakiya ta tsaya ta ce, "Hajiya, wannan Alhajin bai yi saurin tuba ba kuwa?" Na ce ta kawo dalili. Ta kawo.

In kin karanta wa ƙawar taki, ki sake rubuto mini. Kada ki aiko da labarin, abin da ta ce na ke son ji.